Fiffiken Kurciyar da Na Goge

Ko da zan manta duk gidajen da na yi aiki a ƙasar nan, ba zan manta ranar da na goge fiffiken kurciya da tsumma ba. Shekaru sun ja, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

Lokacin ban daɗe da zuwa Amurka ba, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aka tura ni garin Greenbelt wajen wata baturiya da ta haura shekara casa'in. Kaka nake ce mata, sunan kuma ya yi mata daɗi. Ɗanta mutum ne mai zafi, ya riga ya sallami mata biyu kafin ni, ni kuwa aikin nan shi ne gatana. Sai dai ina da wani hali da tun a Kano ake yi mini tsiya a kansa, ba na iya ganin ƙura in wuce.

Wata safiya tana gyangyaɗi a kujera, ina cikin shara na jawo wani faffaɗan akwati daga ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai wata leda mai ƙarfi, garau kamar gilashi, an zana kurciya a kanta ta buɗe fukafukai. Da na juya bayanta sai na ga dabbare-dabbare, kamar yaro ya yi wasa da kunu. Na ce a raina wannan ai datti ne. Na jiƙa tsumma na goga sau ɗaya, na sake juyowa, sai ga kurciya da fiffike guda. Ashe abin da na ɗauka datti shi ne fentin, ta baya ake shafa shi.

Na ajiye tsumman. Na shige kicin na kira yayata da ke Upper Marlboro.

"Yaya, na yi ɓarna. In ɗanta ya ji, aikin nan ya tafi."

"Ke da goge-gogenki. Ta gani?"

"Barci take."

"To tashe ta ki faɗa mata. Gara a kore ki da gaskiyarki da ki riƙa ba ta abinci kullum da abu a ranki."

Na daɗe a tsaye, shaiɗan yana raya mini in mayar da ledar in yi shiru. Daga ƙarshe na durƙusa a gabanta kamar yadda muke yi a gida, na miƙa mata. Ta jima tana kallo, sannan ta ba ni labarin da ban taɓa tambayarta ba. Tana budurwa ta yi aiki a wani kamfanin finafinan zane, a zamanin da aka fara yin masu tsawo da ake kallo a silima. Maza ke zanawa a takarda, mata kuma cike da ɗaki suna kwafa a kan leda suna cika launi, kowane ɗan motsi da ledarsa. Duk shekarun da ta yi a can, wannan ɗayar ce kawai ta rage mata.

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta kamo hannuna tana duba lallen da ke bayansa.

"Wa ya zana miki wannan?"

"Ni na yi, Kaka."

"To hannunki zai iya. A ɗakinmu, wadda ta ɓata ita ke gyarawa."

Ta aike ni na sayo fenti da siririn buroshi. Hannunta rawa yake, ko cokali ba ta riƙewa da kyau, amma idonta ba ya barin kuskure. Sau biyar ta sa na sake haɗa fenti mai ruwan toka, ni kuwa ban ga bambancin na farko da na biyar ba. Tana ta ce mini kada in goga, in ɗiga fentin in riƙa tura shi a hankali har bakin layi. Matar da ke manta ko ta karya kumallo, ga ta tana tuna aikin da ta bari tun ba a haifi mahaifiyata ba. Muka kai la'asar a kan fiffike ɗaya, bayana kamar zai karye.

Fentin yana shan iska ta ce in sa wani tsohon faifai na fim ɗin da ta yi wa aiki. Daji ya bayyana, ana yayyafi. Ta ce, "Kada ki ƙifta." Kurciya ta tashi daga reshe, kafin in ce ga ta har ta ɓace.

"Sati uku na yi a kan wannan tashin," in ji ta.

Na matsa kusa da talabijin. Na yi ta mayar da wurin baya ina sake kallo. Da can shirmen yara nake ɗaukar katun, sai ga shi kowane ganye da kowane ɗigon ruwa akwai macen da ta sunkuya a kansa har wuyanta ya ƙage. Na tambaye ta ko sunanta yana cikin jerin sunayen da ake nunawa, ta ce ba a sa na ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da yamma ɗanta ya shigo, ya ga fenti a tebur da ledar a waje, nan take fuskarsa ta canza. Na faɗa masa abin da na yi. Kafin ya buɗe baki ta ɗaga ledar.

"Nuna mini fiffiken da aka gyara."

Ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wanda ban taɓa ba.

"Wannan aikina ne," ta ce. "Sai ka kore ni, ka bar ta."

Na zauna da ita har ƙarshen rayuwarta. Tun daga ranar na daina saurin kiran abu datti don kawai ban san shi ba. Na kuma gane cewa da na mayar da akwatin nan na yi shiru, da zan ci gaba da yi wa Kaka wanka ina ba ta magani har ta rasu, ban taɓa sanin ko wace ce ita ba.