Bugun bankwanan Baba a Hay el-Sabi'

Mun tashi da asuba daga masaukinmu na unguwar Faisal, ni da mahaifina da ɗana, da ƙwallo a cikin leda. Ku sani tun yanzu, raina a ɓace yake, kuma har yau bai huce ba.

Aikin gwiwar Baba ne ya kawo mu Alƙahira daga Katsina. A nan Baba ya yi karatu tun ba a haife ni ba, kuma duk yarintata labarin fili ɗaya na sha: filin yashi na Hay el-Sabi', inda ɗalibai Hausawa ke buga ƙwallo ranar Juma'a. Suna da al'ada. Duk wanda ya gama karatu zai koma gida, sai a ajiye masa ƙwallo ya buga fenareti ɗaya, bugun bankwana, a yi masa addu'a a sallame shi. Baba bai yi nasa ba. Labarin rasuwar mahaifinsa ya riske shi bagatatan, ya tattara ya tafi. Shi ya koya mini ƙwallo, ni na koya wa ɗana, amma bugun nan ya tsaya masa a rai. Shi ya sa ya kafe sai an zo da jikansa ya tsare masa raga. Washegari za a yi aikin, kuma likita ya ce bayan nan ko gwangwani kada ya shura.

Ƙananan bas ɗin Faisal ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke. Direba na ta "yalla, yalla," wato a yi sauri, alhali dattijo na jan ƙafa. Na zazzaga masa masifa da guntun Larabcina na kasuwa, ko kallona bai yi ba. Kuɗin mota kuwa daga hannu zuwa hannu yake tafiya har gaba, canji ya dawo cif. Wannan kam na yaba musu. A Abbasiya muka karya da ful da ta'amiyya, wato wake da ƙosansu. Baba ya yi wa mai abincin Larabcin littafi, mutumin ya ƙyalƙyale da dariya ya ƙara mana burodi. Na so na kai Baba kallon babban wasa, aka ce tun bayan tashe-tashen hankulan da aka yi a ƙasar an hana 'yan kallo shiga filaye.

Da wani masallaci mai koriyar ƙofa Baba ya gane wurin. Ya yi gaba har yana manta gwiwarsa, sai ya ci birki. Babu fili. An malale shi da siminti, an zagaye da katanga, motocin masu wani dogon bene sun yi layi a ciki. Haba jama'a! Duk faɗin saharar Masar a rasa inda za a ajiye mota sai inda yara ke wasa? Ko bishiya ɗaya ba su bari ba.

Mai gadi ya taso. Na yi masa bayani, ya ce, "Mamnu'," wato an hana. Na roƙe shi, ya ce ma'alish, wai na yi haƙuri. Na ɗaga murya, ya ce khalas, magana ta ƙare, ya nuna mana titi. Muna cikin wannan cacar baki ashe Baba ya sulale ciki da jikansa. Na ji yana cewa, "Kai malalaci, tsaya gaban farar motar can. Nan ragar take."

"Tsoho, idan na kama ka fa?" in ji yaron.

"Ubanka ma bai taɓa kama ni ba."

Ya tattare babbar rigarsa, ya ja baya kaɗan, ya dunguro da ɗingishi ya sheƙa wa ƙwallo ƙafa. Yaron ya faɗi hagu, ƙwallo ta bi dama, ta daki ƙofar motar, tim! Motar ta fashe da kururuwa, ta kusa da ita ta amsa, mutane suka leƙo ta tagogi. Mai gadi na ihu, Baba ya ɗaga hannu biyu, muka yi masa addu'ar da abokansa ba su samu yi ba. Hawaye na bin gemunsa. Mai gadin ya ƙwace ƙwallon, ya hana mu.

An yi aiki lafiya, mun dawo Katsina. Yanzu Baba da sanda yake tafiya, kuma a majalisa yana ba da labari wai da ya ci, duk Alƙahira sai da ta yi sowa. Ni abin da tafiyar nan ta koya mini, ba a rana ɗaya ake cinye fili ba, ana yi ne muna wucewa muna kallo. Jiya na raka ɗana filin unguwarmu, na tarar an sauke bulo a bakin raga. Gobe da sassafe ina gidan mai unguwa, kuma wallahi ba gaisuwa za ta kai ni ba.