Dutsen Sikelin Yaya Sale

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Sale, Allah ya jiƙansa. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka yau zan rubuta abin da bakina ya ƙi faɗa masa.

Yaya ɗan dako ne a sikelin gyaɗa a Ɗanbatta. Da fari ya zo gyaɗa ta mutu, mai sikelin ya nannaɗe tabarmarsa, ya bar masa dutsen awo ɗaya, baƙin ƙarfe mai mariƙi a sama.

A shekarun nan ne mijina ya rasu, rumbu babu ko zangarniya. Autana Habibu ya je neman aikin soja. Gudu mai nisa ake sa su, wanda ya sare a kore shi. Ya sare. Ya ce numfashinsa lafiya lau, baya da ƙugu ne suka ƙi. Ɗauka ɗaya ta rage masa kafin shekarunsa su wuce, mu kuma bakwai ne a gida muna kallonsa.

Sai Yaya ya hana shi gudun kullum. Ya ce sau biyu a mako ya yi gudu. Sauran kwanakin ya tsaya a bayan gidanmu, ya ware ƙafa, ya yi lilo da dutsen tsakanin cinyoyinsa, ya turo shi da ƙugu har daidai ƙirji. Mutanen gari suka yi ta dariya. Ni faɗa na yi, domin ɗan kunun da ya sha ƙarfe ne ke shanyewa.

Na ce, "Yaya, gudu aka ce, ba dambe ba. Wa ka gani ya isa Kano yana tsaye wuri ɗaya?"

Ya ce, "Ke Kande, ki yi daka da asuba, ki ɗora kaya ki taka har kasuwa ki dawo. Wa ya koya miki tafiya? Taɓarya ce ta gina miki baya. In baya ya gaji, ƙafa ba ta da ta cewa."

Ban yarda ba. Na faki idonsu na ja dutsen na cusa cikin tarin kara. Yaya bai tambayi kowa ba. Ya shigo, ya ɗauki dutsen niƙana, ya ɗaure da igiya, ya miƙa wa Habibu. Kwana biyu ban yi niƙa ba. Rana ta uku dutsen awo ya bayyana a ƙofar gida. Yaya ya dube shi ya ce, "Sannu da hanya."

Ranar gudun ɗaukar soja, Habibu bai zo na ɗaya ba. Amma daidai inda ya sare bara, na gabansa suka fara rusunawa suna dafe ƙugu, shi kuwa yana miƙe. Aka ɗauke shi. Da albashin watan farko buhun gero ya shigo gidanmu.

Kwanan baya Habibu, da ya yi ritaya, ya nuna mini masu tsere a waya suna lilo da irin wannan ƙarfe, har da malami mai ƙirga musu. Da Yaya ya gani ba zai yi mamaki ba. Tambaya zai yi, wa ke daka yanzu? Inji ya karɓi turmi, babur ya karɓi hanyar kasuwa. Ba na zagin inji, kafaɗuna sun san abin da ya raba su da shi. Amma bayan da bai ɗauki nauyi ba ba zai kai mai shi nesa ba, ko takalminsa na nawa ne.

Yaya bai bar gona ba, bai bar riga ta kirki ba. Dutsen ya bari, yana nan yana tokare mini ƙofa, masu neman aikin ɗamara na zuwa aro.

Yaya, ni na ɓoye shi. Na san ka sani. Gaskiya taka ce. Ban taɓa faɗa wa namiji haka ba, kuma daga kai na rufe.