Goro Ɗaya a Cikin Huhu

A gidanmu na unguwar Komah, a garin Sokodé, kakarmu Hajiya Delu ba ta fara tatsuniya sai ta kwashe tuwo wuta ta lafa. Ni da ƙanwata Rabi mukan rufa da zane ɗaya a gefen murhu, muna jira.

Wadda ta fi zama a raina ta wani fatake ce da ya ɗauro huhun goro zai kai arewa. Ka'idar goro, a kowane zango sai an kwance, an yayyafa ruwa, an tsince mai tsutsa. Shi kuwa ya ga ƙwaya ɗaya da ɗan baƙin tabo, ya ce ai ba komai ba ne, ya mayar ya ɗaure. Da ya isa kasuwa ya kwance ganyen, sai gari da tsutsa.

"Da ya jefar da ɗayan nan, me ya rasa?" in ji Hajiya.

"Goro ɗaya," mu ce.

"To, ku riƙe. Ke Rabi, janye ƙafarki daga toka."

Yanzu ina aure a Dapaong. Ban yi boko ba, karatun manya na yi, amma nakan zauna kusa da 'yata Nafisa in tana aikin makaranta. Ran nan ta ce an ba su wata kalmar Turanci, trivial. Na yi ta maimaitawa tana gyara mini tana dariya.

"Me take nufi?"

"Ƙaramin abu, Mama, wanda bai kai a damu da shi ba. An ce kowa ya kawo misali."

"Ke me kika rubuta?"

Ta fassara mini a hankali: "Abin da ya raba mamata da ƙanwarta trivial ne."

Tukunya ce. Tukunyar Hajiya, da Rabi ta ɗauka bayan rasuwar Hajiyar ba ta tambaye ni ba. Na ce ba komai, na ɗaure abin a raina. Tun daga nan ko da Sallah ba ma gaisawa.

Ashe kalmar gaskiya ce, tatsuniyar ma gaskiya ce. Abin ƙarami ne, ni ce na bar shi a cikin huhu.

Na ce wa Nafisa ta nemo mini lambar wayar Rabi. Da aka ɗauka na ce, "Rabi, tukunyar nan tana dafa tuwo kuwa?"

Ta ce, "Yaya, ta daɗe da fashewa. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."