Buhun Yuriya Ɗaya Zuwa Kagoma

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, ni da abokina, da buhun takin yuriya guda a bayan mota. Na mahaifiyarsa ne da ke Kagoma. Masararta ta fara rawaya, kuma yadda taki ya yi tsada bana, in wannan buhun bai yi aiki ba babu na biyu. Gonar ce ke ciyar da ita da jikoki.

Hanyar Kachia ta jijjiga mu son ranta, amma ni idona na kan gonaki. Wannan kore shar, ta kusa da ita kamar mai ciwon shawara. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, to me ya raba su? Tambayar ta hana ni sakat.

A Samaru Kataf muka tsaya shan gwate, sai na hango wani dattijo yana soka sanda kusa da gindin masara, ya zuba taki da murfin kwalba, ya take da dunduniya. Na bar kwanona na nufe shi.

"Yuriya ba ya son waje, ɗana," in ji shi. "Ka bar shi a sama, rana ta sha, ruwa ya kwashe sauran. Binne shi za ka yi."

Muka wuce Kafanchan, muka isa Kagoma, muka tarar matan zumuntar coci sun hallara a gonar Mama, mahaifiyar abokina, don gayya. Al'adarsu ita ce da hadari ya haɗu a watsa taki da hannu, ruwa ya shigar da shi ƙasa. Abokina ya kawo zancen binnewa, shugabarsu ta kwashe da dariya.

"Rami rami? Sai gobe ke nan! Muna da koyon waƙa da yamma fa."

Mama ba ta iya musu da waɗanda suka zo taimakonta kyauta. Ta ba su rabin buhun suka watsa, ta mai da rabin ɗaki.

Ba su kai bakin hanya ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muna fake a gindin mangwaro muna kallo ya cika kwarin kunyoyi, ya gangara da takin zuwa rafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mama ta ce, "Yau rafi ne ya ci abinci, ba masara ba."

Washegari muka same ta tana fiƙe sanduna. Shugabar matan ma ta dawo da tata, ba dariya. Muka wuni a duƙe muna binne ragowar.

Na dawo Kaduna da ciwon baya da amsar tambayata: ba yawan takin ba ne, inda aka ajiye shi ne. Mama kuwa tana can tana leƙa gonar kowace safiya, tana jiran ganye ya juya.