Imoro da Faifan Mawaƙiyar Amurka

A Kukuo muka tashi, a gidan kakata Azumi, mai ƙuli-ƙuli. Da an idar da magariba sai ta hura wuta ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye murhu muna ɓarar gyaɗa. Ta iya tatsuniya, amma ni ba gizo nake jira ba. Labarin yayanta Imoro nake so, wanda ba na iya zama wuri ɗaya in ta fara shi.

Imoro yaron mota ne, yana bin lori zuwa Takoradi. A bakin teku ya saba da wani baƙar fatar Amurka mai aikin jirgin ruwa, wanda ya ba shi tsohon garmaho da faifai guda, ya kawo su gida. Mace ce ke waƙa a ciki, murya mai kauri, wani mai ƙahon ƙarfe yana amsa mata.

"Ba mu jin ko kalma ɗaya," in ji Kaka, tana juya gyaɗa. "Amma wallahi kamar matan da ke kukan mutuwa a ƙauyenmu. Gashin jikina duk ya miƙe."

Mai aikin jirgin ya ba Imoro labarin mawaƙiyar. Marainiya ce, a bakin titi ta fara waƙa, har masu wasa a rumfar tanti suka ɗauke ta suna yawo gari-gari a jirgin ƙasa. Turawa su cika ɗaki su tafa mata, in an tashi kuma babu masaukin da zai karɓe ta saboda launin fatarta, sai ta koma taragon jirgi ta kwanta. Duk da haka ba ta taɓa komawa gida ba.

Daga nan Imoro ya lalace musu. Ya samo ƙaho wurin wani tsohon soja, yana zuwa bayan gonaki yana busawa har leɓensa ya fashe. Babansu malami ne, ya ce ko ƙaho ko gidansa. A kwana na huɗu aka nemi Imoro aka rasa.

"To ina ya je, Kaka?"

Nan ne take ba ni haushi. Yau ta ce ya isa Amurka yana busa wa manyan mawaƙa. Gobe ta ce zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirgi. Wata rana na tashi tsaye, gyaɗa ta zube daga zanena.

"Jiya kin ce ya mutu!"

"Zauna, Fusena. Ni ma ban sani ba. Kowanne nake gwadawa in ji wanda zan iya ɗauka."

Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ita ce ta ɗauki ƙunshin kayansa a cikin kwandon kasuwa, ta rufe da ganye, ta kai masa tasha. Babansu ya rasu bai sani ba.

"Kin yi da-na-sani?"

Sai ta ce in miƙo mata ludayi.

Na girma ina ɗauka gargaɗi take mana: wanda ya bi waƙa ya ɓace. Sai bara, a gidana na Vittin, 'yata Rahina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce za ta Accra, wata ƙungiyar makaɗa ta kira ta. Babanta ya ce ba da yawunsa ba. Na yi sati ina ɗora tukunya ina mantawa da ita a wuta. A lokacin na gane Kaka ba labarin Imoro take ba mu ba, kanta take tuhuma a gabanmu, shekara da shekaru, ba ta yanke hukunci ba.

Ni ban ɓoye kaya a kwando ba. Na gaya wa babanta ido da ido cewa zan kai ta. Na ɗaure jakarta a bayan babur, muka nufi tasha, tana riƙe da kafaɗata. Da motar ta fara motsi na bi ta da gudu ina buga gilashi.

"Ko me ya faru, ki kira ni! Ko mummuna ne, ki kira!"