Kazar Muttaka a Ɗakin Garwashi

Duk wanda ya san Balaraba mai kaji a Kaura Namoda ya san faɗanta. Taka bakin ɗakin kajinta da takalmi ka ga abin da zai same ka. Mutane na cewa masifaffiya ce, amma ƙarya suke yi, ba su san ta ba ne lokacin tana Gurbin Bore, sa'ad da dariyarta ke tsallake danga.

Ɗa guda Allah ya bar mata, Muttaka. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta ba shi kaza kamar yadda aka saba, don ta hayayyafa a sayi akuya, akuya ta zama saniya. Ba a kai ga saniyar ba. Yana tashen samartaka 'yan bindiga suka same shi a gonar dawa, suka kashe shi. Da aka tashi gudu mata suka kwashi tukwane da tabarmi, ita kuwa ta cusa wata kaza wake-wake cikin zane, tsatson waccan ta yaye. Abin da ya rage mata na ɗanta ke nan duk duniya.

Ƙanenta Faruku, direban motar Shinkafi, shi ya ba ta masauki, ya kawo mata 'yan tsakin gidan gona, fararen nan masu ci kamar gara. Ta kuwa iya sana'ar. Ɓuntun shinkafa a ƙasa, kaskon garwashi a tsakiya, ruwan magani kan lokaci. Likita Hannatu ta dabbobi ta ja mata kunne kada kazar gida ta cakuɗu da na turawa, ta kuma kiyaye.

Sai marka ta sauka. Akurki ya yi yoyo, ta iske kazar a jiƙe sharkaf, ta takure. Ta leƙa ɗakin fararen, ga ɗumi, ga abinci har suna takawa.

"Baƙi na kwana da garwashi, kazar Muttaka na shan ruwa? Ba dai a gidan ga ba."

Ta sunkuce ta ta saka ciki. A ganinta gata ta yi mata, kuma wace uwa ce ba za ta yi haka ba?

Ba a jima ba fararen suka soma atishawa. Daga nan sai kakari, sai majina, idanu suka kumbura. Kullum safe sai ta cika kwando da matattu, ko a jikinta. Idonta na kan wake-wake, wadda ita ma ta fara buɗe baki tana neman iska.

Likita Hannatu ta zo da wasu masu bincike da ke zagayen Zurmi da Shinkafi. Suna zura tsinke mai auduga a maƙogwaron kaji, su jefa a kwalba, su rufe cikin ƙanƙara. Suka ce a ɗakin gwaji za a gane ƙwayar cutar, har a bi danginta a san inda ta fito.

"Ni ba danginta nika so ba, Likita. Ku ba wagga magani."

"Inna, irin wannan ba ta jin magani," in ji Hannatu, ta sunkuyar da kai.

Balaraba ta gwada jan barkono a ruwa, ta gwada sassaƙen maɗaci. A banza. Da Faruku ya ga kazar ta kasa tsayuwa, ya ɗauko wuƙa.

"Yaya, kada ta yi mushe."

 Balaraba ta riƙe masa ƙafafun da kanta, ta kau da fuska. Ba ta ci ba. Ta dafa, ta aika ƙofar masallaci sadaka ga Muttaka.

Bayan kaka likitar ta dawo da labari. Ƙwayar ba ta ƙauyukan nan ba ce, daga nesa ta biyo 'yan tsakin, tun cikin kwalinsu.

"Kazarki ba ta da laifi, Inna. Lafiya lau take sai da ta shiga ɗakin."

Don ta sanyaya mata rai ta faɗa, baiwar Allah. Balaraba ta zauna bakin ƙofa.

"Ke nan da na bar ta cikin ruwan, da tana nan?"

Hannatu ta ajiye jakarta, ta zauna kusa da ita a bakin ƙofar.