Farin da Yaya Sabi'u Ya Bari

Shekara goma ke nan a wannan watan da aka kai yayana, Malam Sabi'u, makwancinsa a Ruwan Bago. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Na so in bar ranar ta wuce yadda muka saba, a yi masa addu'a a gida, a raba waina sadaka, kowa ya kama gabansa. Sai na ga fostarsa manne a tashar Karaye. An ɗora masa hular da bai taɓa mallaka ba, an rubuta masa wani dogon kirari a ƙasa, ga kuma hoton wani ƙato a gefe wanda ya fi nasa girma. Da a fosta abin ya tsaya da na kau da kai. To amma masu fostar nan sun lalata rabin zane-zanen da ya bari, suka kuma dawo suna neman sauran da ke akwatin matarsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sabi'u malamin zane ne a wata sakandare a Karaye. Mu 'ya'yan manoma ne, dawa da gyaɗa muka tashi muka gani, kuma har yau ba wanda ya san inda ya samo wannan sha'awa. Da kalar ruwa yake aiki. Wasu 'yan ƙwayoyin kala ne a gwangwani mai faɗin tafin hannu, sai buroshi, sai ruwa a tsohon gwangwanin madara. Mahaifinmu bai so abin ba, amma da ya ga ba zai bari ba sai ya sa shi alkawarin ba zai taɓa zana mai rai ba. Yaya ya riƙe alkawarin har ya koma ga Ubangijinsa. Gonaki yake zanawa, da bakin dam, da rumbuna, da rugar Fulani ta wajen ƙauyen Yola, da hadari in ya haɗo ta gabas.

A ofishin malamai Malam Tsararo suke kiransa, wai kalarsa ba ta da kauri, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa don ya ishi baƙi. Darasinsa kullum shi ake jefawa ƙarshen jadawali, lokacin da yunwa ta gama cin ɗalibai. In za a yi sharar makaranta, lokacinsa za a ɗauka. In wani babba zai zo, shi za a sa ya rubuta barka da zuwa a kwali. Bai taɓa ɗaga murya ba, kuma wannan haƙurin nasa ya sha ba ni haushi. Sai ya kwashi ɗalibansa su tafi bakin ruwa, ya zaunar da su, ya hana kowa taɓa buroshi sai ya gaji da kallo. Abin da ya fi nanata musu shi ne kalar ruwa ba ta da fari. Duk farin da kake so, ƙyallin rana a kan ruwa ne ko bangon da aka shafa wa farar ƙasa, sai dai ka kewaye shi ka bar takardar yadda take. In ka shafa ka shafa ke nan, ba ya dawowa. Mutanen gari kuwa in sun leƙa aikinsa sai su ce, Malam, yaushe za ka ƙarasa?

Sau ɗaya ya taɓa fita waje. Wata ƙungiyar masu zane ta Kano ce ta samu gayyata zuwa Maroko, aka rasa wanda zai cike gurbin mai kalar ruwa, aka tuna da shi. Jagoran tafiyar shi ne Alhaji Lawandi, ƙaton da na ce na gani a fosta. Shi ma mai zane ne, in dai za a kira abin da yake yi zane. Da fentin mai yake zana fuskokin manya, ya rage musu tumbi, ya wanke musu fata, ya ƙara musu tsawo, su rataya a falo suna murna. Ya yi gidaje da wannan sana'a, ban kuma yi masa baƙin ciki ba.

Yaya ya ba mu labarin tafiyar yana dariya, ni kuwa ina jin raina yana ɓaci. A birnin Fas abokan tafiyarsa sun ƙare kwanakinsu ne a kasuwa, suna cinikin jallabiya da takalman fata, suna ɗaukar hoto a ƙofar otal ɗin da ba a nan suka sauka ba. Shi kuwa ya samu wani soro da ke kallon majemar garin, ya shimfiɗa takardunsa. Wata rana Lawandi ya hau ya same shi, ya toshe hanci da hankici, ya tsaya a kansa yana ƙyalƙyala dariya, wai mutum ya baro majema a Kano ya hau jirgi don ya zo ya zana majema. Da aka zo baje kolin aikinsu, sai aka rataye na Yaya a lungun da ke kusa da banɗaki. A nan baƙin suka yi ta tsayawa. Ko wannan bai faɗa mana don alfahari ba, cewa ya yi mai yiwuwa layin banɗakin suke bi.

Ya dawo da ƙunshin zane da dabino kaɗan. Sauran sun dawo da akwatuna. Bayan wasu shekaru ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka yi ta kai da komo tsakanin Karaye da asibiti a Kano, kuma a duk tsawon jinyar nan ban ga ƙeyar ko ɗaya daga cikin abokan Fas ba. Ta'aziyya ma Alhaji Lawandi ta waya ya yi, yana magana da mu yana ba wani umarni a shagonsa.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo yau. Ɗakin zanensa na makaranta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Darasin ma an cire shi, an ce ba ya kai yaro ko'ina. Waɗanda suka cire shi kuwa su ne a layin gaba ranar taron tunawa da shi, sun sha manyan riguna, suna gyaɗa kai in an ambaci sunansa. Na san abin da zai ce. Cewa zai yi, ƙyale su, Binta. To ni ba shi ba ce, kuma na gaji da ƙyalewa.

Ga yadda abin ya faru. Da damina ta ja baya sai ga Alhaji Lawandi a ƙofar gida da mota da 'yan rakiya, wai sun kafa kwamitin tunawa da marigayi. Ashe wani baƙo ne ya zo Kano yana tambayar mai kalar ruwan nan da ya gani a Fas, shi ne sunan Yaya ya yi daraja dare ɗaya. Suka roƙi Yaya Hauwa, matar marigayin, ta ara musu zane-zanensa na gida don a nuna wa jama'a. Yaya Hauwa mace ce mai kawaici, ba ta iya kallon idon babba ta ce a'a. Ta buɗe akwati ta ba su, ta kuma amsa cewa bayan taro za ta ba da na Fas, a kai Abuja.

Ranar taron aka cika wani zaure a Karaye. Aka yi jawabai, aka raba shinkafa a robobi, mai gabatarwa yana ta kiran Yaya da sunan da ba nasa ba. Alhaji Lawandi ya miƙe ya ce rashin kayan aiki ne ya hana amininsa kammala ayyukansa, shi ya sa ya ga wajibi ne a kansa ya sa ma'aikatan shagonsa su ƙarasa masa. Aka yi tafi. Sannan aka yaye ƙyallen da ya rufe bango.

Sun cike duk wani fari da fentin mai. Sama ta zama shuɗiya fatau kamar ƙofar shago. Daga nan suka liƙe kowane zane a cikin leda da injin zafi, irin yadda ake yi wa takardar shaidar gama makaranta, suka kewaye shi da katako mai ruwan gwal. Kada wani ya ce mini jahilci ne. Lawandi ya san yadda ake kalar ruwa sarai. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani cewa mutanenmu ba sa rataya abin da bai cika ba a ofis.

Akwai dai abin da bai sani ba, don a duk zamansu bai taɓa tambaya ba. Yaya ya riƙe alkawarin mahaifinmu, amma bai iya zana wuri ya yi kamar ba kowa a cikinsa ba. Saboda haka duk inda mutum yake tsaye ko zaune, sai ya kewaye wurin ya bar shi fari. Mu 'yan gida mun san kowane fari da mai shi. Shanun rugar Yola haka ya bar su, yanzu an mayar da su ciyayi. A zanen gonarmu, inda Innarmu take sunkuye tana roron gyaɗa, an ajiye jar tarakta, wai alamar ci gaba. Inna ta riga Yaya rasuwa, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya.

Ina riƙe da hannun Yaya Hauwa muka bi bangon har muka iso zanen tsakar gidanta. Ga turmi, ga igiyar shanya, ga ƙofar ɗaki. A bakin ƙofar an dasa wata tukunyar furanni, a gidan da bai taɓa ganin irinta ba. Ta daɗe tana kallo.

"Binta, ina nake?" in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Nan fa nake zama in tsince shinkafa. Yana zanawa ina tsinta."

Ban taɓa jin tsanar taron mutane kamar yadda na ji a lokacin ba, su da robobin shinkafarsu.

Saura na Fas. Na ce mata ta ba ni akwatin in tafi da shi Rogo, inda nake koyarwa, in sun zo a ce ba ya nan. Ta ƙi. Ta ce ta riga ta ce to, kuma ba za ta fara ƙarya da furfura ba. Dattawan gidan ma suka sa baki, wai kada a kunyata Alhaji bayan duk ɗawainiyar da ya yi. Na kwana biyu ba na cin abincin kirki, don na tabbata za ta miƙa.

Makon jiya ya zo karɓa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiyar taro da hanya. Ina daga bayan ƙofa ina tafasa. Yaya Hauwa ta fito da takarda guda ɗaya a hannu, ta durƙusa daga gefe, ta tura masa. Zanen majemar ne daga saman soro, kuma a gefen dama akwai wani faffaɗan fari a tsaye.

"Alhaji, ga naka," ta ce. "Wannan farin kai ne. Malam ya ce nan ka tsaya ranar da ka hau ka same shi. Ka cike shi da duk fentin da ka ga ya dace da kai."

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "To Hajiya, sauran fa?"

"Sauran mutanen Fas ne a ciki, Alhaji. Ba su yi mana komai ba. A gaida gida."

Ta tashi ta shige. Na so a ce kunya ta kama shi, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Wata ƙawata da ta bi ta shagonsa shekaranjiya ta ce zanen yana rataye a can. Ya cike farin da kansa, cikin babbar riga, ya rage tumbin.

Me ya rage na Yaya Sabi'u bayan shekara goma? Fostar dai ruwan farko zai ɗauke ta, ba kuma zan yi kewarta ba. Akwai akwatin da ya ragu da rabi. Akwai tsofaffin ɗalibansa, telolin Karaye da malaman firamare da masu gyaran babur, waɗanda wasunsu suka fice daga zauren nan ba su taɓa shinkafar ba. Ban san ko wannan ya isa a kira shi gado ba, amma shi muke da shi. Zanen tsakar gidan kuwa mun karɓo shi. Na kai wa masu injin na tambaya ko za a iya ɓare ledar, suka ce in an ja ta da fuskar takardar za ta taho. Yaya Hauwa ta ce in ajiye shi a wurina a Rogo, ita ba ta son ganinsa. Ta ce tsakar gidan tana nan, kuma ta san inda take zama.